Hajiya, ina takardun gwajinki?

A makon jiya wata baiwar Allah ta zauna gabana a asibitin mata, shekara 6 da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Na ce, "Hajiya, an taɓa yi miki gwaji?" Ta ce asibiti uku ta je. Na ce to ina takardun? Ta zaro wata leda daga jaka: kwalin Clomid, maganin sa ƙwai ya fita, da ta saya a kemis, sai rasit ɗaya da mai ya ɓata. Hoton hanyar ƙwai kuwa, wanda ta biya kuɗi ta sha zafi aka ɗauka, wai yara sun yi wasa da shi.

Wallahi abin nan ya ishe ni. Ku riƙa adana takardunku! Likita ba duba yake yi ba, abin da aka rubuta shi yake bi.

Na san zafin da kuke ciki, na san gorin dangin miji. Kuma ba ke kaɗai ba ce, 'yar'uwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum 1 cikin 6 na gamuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. In an shekara ana tare ba tsarin iyali ba ciki, a zo asibiti. In kin kai shekara 35, wata 6 ya isa.

Amma ku ji abin da ke faruwa bayan kun fita. Fayil ɗinki ofishin ajiye bayanai yake zuwa, a ba matsalar lamba bisa tsarin ICD-10, wato jerin lambobin cututtuka na duniya. In ƙwai ne ba ya fita, N97.0. In hanyar ƙwai ce ta toshe, N97.1. In daga mahaifa ne, N97.2. In babu sakamakon da zai nuna dalili, sai a rubuta N97.9, wato ba a tantance ba. Mata nawa ke yawo da wannan lamba shekara da shekaru, alhali an taɓa gano dalilin, takardar ce ta ɓata? Ga shi kowanne maganinsa daban. Ki sha Clomid kwali goma, ba zai buɗe hanyar da ta toshe ba.

Gwaje-gwajen nan ma da ranakunsu. Hoton hanyar ƙwai sai al'ada ta ɗauke, gwajin jinin fitar ƙwai kuma wajen kwana na 21 daga ranar da al'ada ta zo, ga mai zagayen kwana 28. Kin yar da takarda, kin yar da wata guda, ban da kuɗi.

Malam maigida, kai ma da taka lambar, N46, in matsalar daga wajen namiji take. Gwajin maniyyi ya fi nata sauƙi da araha, ka zo a yi, a sa sakamakon cikin fayil.

To a taƙaice:
- Ki sami jakar roba ɗaya, kowace takarda ta shiga ciki.
- Ki ɗauki hoton kowane sakamako da waya.
- Ki riƙa rubuta ranar da al'ada ta zo.
- Duk abin da kika sha, na kemis da na gargajiya, ki faɗa. Ba za mu yi faɗa ba. To, kaɗan za mu yi.

Ita Hajiyar an sake rubuta mata hoton. Yanzu jira take al'adarta ta zo ta ɗauke.