Mene ne hoton ƙashi, kuma yaya ake koya wa ƙananan yara shi da alli da kara?

Idan yaro ya faɗo daga bishiya hannunsa ya kumbura, likita a Garwa ko Marwa ko Njamena zai ce a je a yi masa "radiyo". Abin da yake nufi shi ne hoton ƙashi, wanda wasu ke kira eksire. Wani haske ne da ido ba ya gani ake harbawa ya ratsa jiki, ya sauka a kan faifai ko na'urar da ke ɗaya gefen. Fata da tsoka suna barin mafi yawansa ya wuce, amma ƙashi yana tare shi saboda sinadarin kalsiyam da ke cikinsa. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari, tsoka ta fito toka-toka, iskar huhu ta fito baƙa. Ƙarfe, kamar zobe ko kwabon da yaro ya haɗiye, ya fi ƙashin ma haske. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano wannan haske a 1895, kuma cikin hotunansa na farko akwai hannun matarsa da zobenta a yatsa. A 1901 aka ba shi lambar Nobel.

A taƙaice, hoton ƙashi inuwa ce. Wannan shi ne abin da ya kamata yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai ya ɗauka daga darasin, ko a ajin renon yara yake ko a SIL ko CP1, wato ajin farko na firamare. Haddar sunayen ƙasusuwa ba ta da amfani a wannan shekarun.

Aikin shi ne kowane yaro ya kwaikwayi hoton ƙashi a baƙar takarda da alli da kara. Kafin a taɓa takarda, a rufe tagogi a kunna tocila. Yaro ya haɗe yatsunsa ya ɗora a bakin tocilar, zai ga sun yi ja. Nan ya gane da idonsa cewa haske na iya ratsa jiki. Sai malama ta ce hasken asibiti ya fi wannan ƙarfi, ƙashi ne kawai ke tare shi. Daga nan kowa ya lanƙwasa yatsansa ya ƙirga gaɓoɓi, ya shafa haƙarƙarinsa, ya taɓa gwiwa.

Da hannu ake farawa. Kada a fara da ƙoƙon kai ko kwarangwal gaba ɗaya, domin yara da yawa sun riga sun haɗa wannan siffa da fatalwa da mutuwa, wani sai ya fashe da kuka darasi ya watse. Hannunsa kuwa nasa ne, ba ya tsoronsa.

Baƙar takarda ba ko'ina ake samunta ba, kuma ba dole ba ce. A yanka kwalin sabulu ko na taliya gwargwadon shafin littafi, a shafa masa tawadar allo, wato garin gawayi da aka dama da ruwan ƙaro, sau biyu, a bari ya bushe tun jiya. Idan ƙaron ya yi kaɗan, baƙin zai riƙa bin hannu da riga. Na liƙi kuwa, a jiƙa ƙaro kashi ɗaya cikin ruwa kashi biyu ya kwana, a tace da tsumma. Wanda ba shi da ƙaro ya dama fulawa cokali biyu a kofin ruwa ya dafa ta yi kauri, sai dai ita kwana biyu take tsami, kuma kyankyaso da tururuwa na bin ta.

Yaro ya ɗora hannunsa a kwalin, yatsu a ware, ɗan uwansa ya zagaye shi da farin alli har zuwa rabin damtse na ƙasa. Ƙasusuwan kuma da totuwar karan dawa ko masakwa za a yi su: a ɓare bayan karan, a tsaga farar totuwar siri-siri, babba ya yanka da kansa tun a gida. Auduga mai tsinke ta goge kunne ma tana yi, amma tsada gare ta ga aji mai yara hamsin, kuma ƙanana na tura ta a kunne da hanci.

A nan ne mafi yawan ayyukan ke lalacewa. Sai ka ga an liƙa dogon tsinke ɗaya daga tsinin yatsa har wuyan hannu. Kyau dai ya yi, amma an koya wa yaro ƙarya, don yatsa mai ƙashi ɗaya ba zai lanƙwasu ba. Hannun babba ƙashi 27 ne: 14 a yatsu, 5 a tafi, 8 a wuyan hannu. Kowane yatsa uku gare shi, ban da babban yatsa mai biyu. Don haka kowane yaro a ba shi gajerun guntaye 14, dogaye 5, da manya biyu na tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu. A bar ɗan fili tsakanin guntu da guntu, gaɓa ke nan. Na wuyan hannu ɗigo takwas na alli sun isa. Ga 'yan shekara huɗu, guntaye 21 sun yi yawa, hankalinsu zai tafi kafin a kai rabi. Su yi yatsu kaɗai, sauran a zana musu.

Da hunturu ƙaro na bushewa kafin yaro ya gama juya guntun a hannunsa, saboda haka a shafa yatsa ɗaya a liƙa, sannan a matsa gaba. Da damina kwali ke shan danshi ya lanƙwashe, sai a danne shi da littafi bayan ya sha iska.

Idan wani daga cikin iyaye na da tsohon faifan asibiti, ya fi kowane zane. A rufe sunan majinyaci da ke kusurwa, a ɗaga faifan a jikin taga, ba a fuskar rana ba. Babu wani haske mai cutarwa da ya rage a jikinsa. Idan na ƙaramin yaro ne, za a ga kamar ƙasusuwan wuyan hannu ba su cika ba, da tazara a kusa da ƙarshen dogayen. Ba karaya ba ce, guringuntsi ne da bai gama zama ƙashi ba, kuma shi ba ya fitowa sosai a hoto. Jariri ma da ƙasusuwa kusan 300 ake haihuwarsa, suna haɗewa har su koma 206 a jikin babba.

Yara za su roƙi a kai su a ɗauki nasu. Amsar ita ce a'a, sai likita ya nema, domin hasken yana taɓa ƙwayoyin jiki ko da kaɗan ne, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin jin sa. Dalilin ke nan da ake tambayar mace ko tana da ciki kafin ta shiga ɗakin. Amma ranar da aka samu karaya, gara a yi hoton kafin a kai wa mai ɗori, don ƙashin da ya karye kusa da gaɓar yaro yana iya haɗewa a karkace idan aka ɗaure shi ba a gani ba.