Koyon bincike a laburare ta hanyar zane-zanen zamanin Farfaɗowa: tambayoyi da amsoshi

Wane zamani ake nufi, kuma me ya haɗa shi da laburare?

Zamanin Farfaɗowa, wanda Turawa ke kira Rinesans, ya fara a Italiya a ƙarni na 14, musamman birnin Fulorans, ya bazu cikin Turai har wajen ƙarni na 17. Shi ne zamanin Leonardo da Vinci da Michelangelo da Raphael, kuma cikinsa Gutenberg ya ƙirƙiro injin ɗab'i a Jamus wajen 1450. Malamai na son koyar da bincike da shi saboda mutanen lokacin sun bar takardu rututu: wasiƙu, yarjejeniyar aiki tsakanin mai zane da attajirin da ya ba shi kwangila, rajistar haraji, rajistar binne mamata. Ga kuma zanen kansa, wanda ɗalibi zai ƙura wa ido ya ce, wa ya yi wannan, wa ya biya kuɗinsa?

Ta ina ɗalibi zai fara?

Da ƙunƙunce tambaya. Wanda ya ce zai yi bincike kan Leonardo bai ce komai ba tukuna, don littattafan da aka rubuta a kansa sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Wanda ya ce yana son sanin ko wace ce matar da ke cikin zanen Mona Lisa, wannan ya kama hanya. Daga nan sai insakulofidiya don samun shekaru da sunaye, sannan katalog ɗin laburare.

Me ya sa wani lokaci a nemi abu a katalog a rasa, alhali yana nan?

Yawanci suna ne. Zanen da ake kira Mona Lisa, Italiyawa La Gioconda suke ce masa, Faransawa kuma La Joconde. Raphael a gida Raffaello ne, Titian kuma Tiziano. Ɗalibin da ya tsaya kan suna ɗaya zai koma hannu rabbana. Haka kantoci: a tsarin Dewey na jera littattafai, zanen Italiya yana lamba 759.5, tarihin ƙasar kuma 945, nesa da juna. A tsarin laburaren majalisar dokokin Amurka, wanda jami'o'i da yawa ke bi, zane na ND, tarihin Italiya na DG. Dole ƙafa ta taka wurare biyu.

Idan aka samu littafin mutumin wancan zamani, ba shi ke nan ba?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma a ganina nan ne darasin gaba ɗaya. Giorgio Vasari, shi ma mai zane, ya wallafa tarihin rayuwar masu zanen Italiya a 1550, ya faɗaɗa shi a 1568. Har yau ba a tarihin zanen wannan zamani ba tare da shi ba. To amma ya rubuta cewa Andrea del Castagno ya kashe abokin sana'arsa Domenico Veneziano saboda hassada, har ya amsa laifin a gadon mutuwa. Shekaru ɗaruruwa ana maimaita labarin. Da masu bincike suka buɗe rajistar mamata a ƙarni na 19, sai ga shi Castagno ya rasu a 1457, wanda aka ce ya kashe kuwa bai rasu ba sai 1461. Mamaci ya kashe rayayye ke nan.

Kada kuma ɗalibi ya ce tunda haka ne a jefar da Vasari. Shi ne ya ce matar Mona Lisa ita ce Lisa, matar Francesco del Giocondo, ɗan kasuwar siliki a Fulorans. An daɗe ana shakka, don Vasari yana ɗan shekara 7 Leonardo ya rasu a Faransa a 1519. Sai a 2005 wani ma'aikacin laburaren Jami'ar Heidelberg ya ci karo da ɗan rubutu a gefen shafin wani littafi bugun 1477. Wani magatakarda na Fulorans, Agostino Vespucci, ya rubuta a watan Oktoba na 1503 cewa Leonardo na aikin zanen Lisa del Giocondo. Mutum ɗaya, a nan ya ɓata, a can ya yi daidai. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ji wannan baƙon abu ba: wa ya faɗa, daga wa ya ji, sun yi zamani ɗaya?

Intanet fa?

Tana da amfani, musamman shafukan gidajen tarihi irin su Louvre da Uffizi, inda ake samun hoton zanen da shekararsa da tarihin hannuwan da ya bi. Sharaɗin dai bai canza ba. Shafin da bai nuna inda ya samo magana ba, jita-jita ce da kyakkyawan rubutu.

Wasu zane-zanen akwai tsiraici. Yaya malami zai yi?

Ya zaɓi wani abu daban, fagen da faɗi. Ƙubbar babban cocin Fulorans da Brunelleschi ya kammala a 1436 ta ishi aji guda tambayoyi kan gini da kuɗi da siyasa. Akwai taswirori, akwai littattafan rubutun Leonardo kan injuna da tafiyar ruwa.

Akwai abin da ya taɓa ƙasar Hausa a ciki?

Akwai. A 1550, shekarar da littafin Vasari ya fito, aka buga a birnin Benis na Italiya bayanin Afirka na Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, mutumin Fas ta Maroko da aka kama a teku aka kai wa Fafaroma Leo na 10 a Rum. Ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Zamfara. Masana tarihi na jayayya kan ko ya taka waɗannan garuruwa da ƙafarsa ko a bakin fatake ya ji labarinsu. Malami na iya ba ɗalibai abin da ya ce kan Kano, su gwada shi da tarihin sarakunan Kano da aka rubuta a gida, su ga inda suka haɗu da inda suka rabu.