Ɗaukar hoton fantsamar ruwa da filash

Ɗaukar hoton fantsamar ruwa wani reshe ne na sana'ar hoto da ake kama ɗigon ruwa a daidai lokacin da ya faɗa cikin wani ruwan ya tarwatse, abin da ke faruwa ya wuce tun ido bai tantance shi ba. Mutane da dama kan ɗauka sai da kyamara mai tsada ake iya wannan aiki. Gaskiyar maganar ita ce haske ne ke tsayar da ruwan, ba kyamara ba. Idan ɗaki ya yi duhu, filash ya haska sau ɗaya na ɗan ƙanƙanin lokaci, abin da ya bayyana a wannan ƙiftawar shi kaɗai zai fito a hoton. Shi ya sa mai hoton biki a Tudun Wada ko ɗalibi a Samaru da ke Zariya zai iya gwada shi a ɗakinsa da kayan da yake da su.

Tarihi

A 1851 Baturen Ingila William Henry Fox Talbot ya liƙa takardar jarida a jikin faifai mai juyawa, ya haska ta da tartsatsin lantarki a cikin duhu, rubutun ya fito ana iya karantawa. A 1887 Ernst Mach da Peter Salcher suka ɗauki hoton harsashi yana tafiya a iska ta irin wannan hanya.

Wanda ya duƙufa a kan ruwa kuwa shi ne Arthur Worthington, masanin kimiyyar fiziks ɗan Ingila. Ya shafe shekaru yana sakin ɗigo cikin duhu, yana haska shi da tartsatsi, yana zana abin da idonsa ya gani da hannu. Zane-zanen nasa duk sun fito tsaf, kowane ɓangare daidai da ɗan'uwansa. Da ya fara ɗaukar hoton abin a 1894 sai ya tarar ba haka yake ba: wani gefen ya fi tsawo, wani ya karkace, wani ya gutsure. Ashe idonsa ne ke gyara masa abin da ya gani ba da saninsa ba. Ya tattara binciken a littafin da ya fitar a 1908, kuma har yau ana kiran ginshiƙin ruwan da ke tasowa bayan faɗuwar ɗigo da sunansa.

Harold Edgerton na cibiyar fasaha ta MIT a Amurka shi ya inganta fitilar lantarki mai walƙiya tun daga farkon shekarun 1930. Hotonsa na ɗigon madara da ya tashi kamar kambin sarauta, wanda ya ɗauka a 1957, ya zo ne bayan fiye da shekara ashirin yana maimaita gwajin.

Yadda haske ke tsayar da ruwa

Ɗigon da aka saki daga tsayin santimita 50 yana isa ƙasa cikin kusan kashi ɗaya bisa uku na sakan, yana gudun mita 3 da ɗoriya a sakan. Idan labulen kyamara, wato marfin da ke buɗewa haske ya shiga, ya buɗe na 1/250 na sakan, ɗigon zai yi tafiyar fiye da santimita ɗaya kafin ya rufe, hoton ya fito dishi-dishi kamar an ja shi da yatsa. Idan kuwa hasken bai wuce 1/20,000 na sakan ba, tafiyar ɗigon ba za ta kai kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba. Nan ne ruwa ke fitowa kamar gilashin da aka sassaƙa.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, ƙaramin filash na saman kyamara ya fi sauri idan aka rage masa ƙarfi. A cikinsa akwai bututu mai iskar zenon da kuma ma'ajin caji. In an sa shi a cikakken ƙarfi, sai ya juye cajin gaba ɗaya, hasken ya ɗan jima. In an sauke shi zuwa 1/64 ko 1/128 na ƙarfinsa, na'urar kan yanke wutar tun da wuri, walƙiyar ta gajarta zuwa wajen 1/20,000 na sakan ko ƙasa da haka, gwargwadon irin filash ɗin. Farashin wannan sauri shi ne ƙarancin haske, don haka ake matso da filash kusa da ruwan, kamar taƙi ɗaya ko biyu, ko a haɗa guda biyu duk a ƙarfi iri ɗaya. Idan ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, inuwa biyu za ta fito a jikin ɗigon.

Ita kyamarar aikinta kaɗan ne. Ana barin labulenta a 1/200 ko 1/250, iyakar saurin da yawancin kyamarori ke tafiya tare da filash, ko ma a bar shi buɗe na sakan ɗaya ko biyu cikin duhu. Ana tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16 domin gaba da bayan fantsamar su fito tas, a bar ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, a 100 ko 200.

Kaya da shiri

Ba a bukatar abin da ya wuce faranti mai ɗan zurfi ko tire baƙi, abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, filash da za a iya cire shi daga kan kyamara, da abin ɗigar da ruwa. Mafi sauƙi shi ne a huda ledar ruwa da allura a rataye ta. Wanda ya fi shi shi ne robar ƙarin ruwa da ake samu a kemis, domin tana da ɗan gargare da ake murzawa a ƙara ko a rage ɗigowar, kuma irin ta manya ɗigo 20 ke cika mililita ɗaya, ke nan kowane ɗigo girmansa kusan ɗaya ne.

Saita idon kyamara shi ne inda aka fi faɗuwa, don kyamara ba ta iya kama abin da bai riga ya zo ba. Dabarar ita ce a tsayar da ƙusa ko bakin biro daidai inda ɗigon ke sauka, a saita a kansa da hannu har tsininsa ya fito sarai, sannan a cire shi kada a sake taɓa komai. Ba a haska ruwan kai tsaye, domin haske ratsa shi yake yi. Bangon da ke bayansa ake haskawa, farar takarda ko atamfa mai launi, sai ɗigon ya ɗauko hoton bangon a cikinsa a kife.

Daga nan sai haƙuri. Mai latsawa da hannu yakan ɗauki hotuna masu yawa kafin ya dace da ɗaya mai kyau, sauran ko ruwan bai iso ba ko ya riga ya kwanta.

Siffofin fantsama

Idan ruwan farantin bai da zurfi, kamar ɗan shafi a kan tire, ɗigon kan tura shi gefe ya tashi da bango zagaye mai ƴan ƙwallaye a bakinsa. Wannan shi ne kambi. Idan da zurfi, ɗigon kan haƙa rami a saman ruwan, ramin ya rufta, ruwa ya harbo sama kamar sanda, kan sandar ya tsinke ya zama ƙwallo. Siffa ta uku, wadda masu wannan sha'awa suka fi nema, tana samuwa ne idan ɗigo na biyu ya sauko ya yi karo da sandar tana sama, sai ya baje kamar laima. Wannan na bukatar ɗigo kusan goma a sakan. Masu son tabbas kan haɗa bawul ɗin lantarki da ƙaramar na'urar Arduino, ita ce za ta saki ɗigo biyun ta kuma kunna filash a lokacin da aka ƙayyade mata.

Kaurin ruwa na canza komai. Madara ba ta barin haske ya ratsa ta, kambinta kan fito da kyau, shi ya sa aka fi farawa da ita. Gilisarin na ƙara kauri, sandar ta yi tsawo ba ta saurin tsinkewa. Ɗigon sabulun ruwa a cikin farantin na sassauta ɗaurin saman ruwa, wato ƙarfin nan da ke iya riƙe allura ta yi iyo, amma in ya yi yawa kumfa za ta ɓata aikin.

A Zariya

Garin yana da daɗaɗɗiyar alaƙa da fasahar zane, tun daga ƙungiyar ɗaliban zane da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya suka kafa a 1958, zuwa sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da aka buɗe a 1962. Masu hoton aure da suna da hawan salla a Sabon Gari da Tudun Wada kuma galibinsu suna da irin filash ɗin da ake bukata, sai dai sun saba ƙure masa ƙarfi ne don haska taro, alhali a nan ƙasa ake yi da shi.

Duhu ba ya wahalar samu. Ɗakin soro na cikin birni mai ƙaramar taga ya wadatar ko da rana, in an toshe tagar da bargo, kuma bayan isha'i kowane ɗaki zai yi. Ɗaukewar wuta ma ba ta hana aikin, tunda kyamara da filash duk da batir suke aiki. Wajen launi, zoɓo da aka tace sosai na ba da ja mai kyau idan haske ya biyo ta bayansa. Ƙaro, wanda almajirai ke sa wa tawada, in an jiƙa shi ya narke aka tace da ƙyalle, yana ƙara wa ruwa kauri ba tare da ya dusashe shi sosai ba. Ruwan rijiya a damina yakan zo da laka, gara ruwan leda.

Yanayi ne ke da nasa hali. A hunturu ƙura kan sauka a saman farantin cikin ƴan mintuna, kuma filash ba ya ɓoye ko ƙwaya ɗaya, dole a riƙa share saman ruwan da gefen takarda ko a sake shi. Zafi kuma na tsinka ruwa: kaurinsa a digiri 35 bai kai kashi uku bisa huɗu na kaurinsa a digiri 20 ba. Saitin da ya ba da laima a daren Disamba ba lalle ya ba da ita a watan Afrilu ba, sai an sake lalube.

Hattara da wayar hannu

Ma'ajin cajin da ke cikin filash na riƙe wuta mai ƙarfin kusan bolt 300 ko bayan an cire batir, don haka ba abin da za a buɗe a gida ba ne, kuma a rufe shi da leda mai haske kada ruwa ya fallatsa masa. Fitilar wayar hannu kuwa ba irin wannan ba ce, haskenta na daɗewa, ba ta tsayar da ɗigo. Mai waya sai dai ya fita tsakar gida da tsakar rana, ya sa saurin labule a 1/4000 idan wayar ta yarda, ya riƙa ɗauka a jere. Kambin zai fito, amma ƴan ƙwallayen bakinsa, da suka fi sauran ruwan gudu, sukan ɗan ja wutsiya.