Gadon Ailan da na Sikotland a Arewacin Ailan

Arewacin Ailan yanki ne na Birtaniya da al'adu biyu ke zaune kafaɗa da kafaɗa: ta 'yan asalin tsibirin Ailan, wadda harshen Irish ke ɗauke da ita, da ta jikokin waɗanda suka ƙetaro daga Sikotland, masu yaren Ulster Scots.

Tarihi

Mutanen Sikotland sun fara kwararowa lardin Ulster, a arewacin tsibirin, tun wajen 1606. Daga 1609 Sarki James na Ingila da Sikotland ya ƙwace filayen sarakunan gargajiya ya raba wa baƙi, galibinsu Furotesta, alhali 'yan ƙasa Katolika ne. Yunwar shekarun 1690 ta sake koro wasu dubbai daga Sikotland. A 1737 aka kafa dokar da ta hana amfani da kowane harshe a kotu sai Turanci, dokar da ta yi kusan ƙarni uku tana aiki.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta 10 ga Afrilu 1998, wadda ta kawo ƙarshen dogon rikici a yankin, ita ce ta ambaci harsunan biyu tare, ta nemi a mutunta su. Shekara guda bayan nan aka kafa wa kowanne hukumarsa.

Wuraren aiki

A nan doka ta fi tsauri. Katolika sun daɗe suna kukan wariya wajen ɗaukar aiki, har aka yi dokoki a 1976 da 1989, sannan ta 1998. Duk kamfanin da ma'aikatansa suka wuce 10 dole ya yi rajista da Hukumar Daidaito, ya riƙa ba da bayanin ɓangaren da ma'aikatansa suka fito, wato Katolika ko Furotesta. Hatta rigar ƙwallo ba a raina ta: hukumar na ganin rigar Celtic ko ta Rangers, ƙungiyoyi biyu na birnin Glasgow a Sikotland, ta farko ana danganta ta da Katolika, ta biyun da Furotesta, na iya tayar da husuma a wurin aiki.

Dokar 2022

Rigimar harshe na cikin abubuwan da suka hana gwamnatin yankin zama daga 2017 zuwa 2020. A Disamba 2022 aka rattaba hannu kan dokar majalisar dokokin Birtaniya da ta tanadi kwamishina ga Irish, wani ga Ulster Scots, da soke dokar 1737. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 12.4 cikin ɗari na da ɗan sanin Irish, kashi 10.4 kuma Ulster Scots.

Taƙaddama

Har yanzu ana jayayya kan ko Ulster Scots harshe ne mai zaman kansa ko karin harshe.