Wane Ne Sojan Baka?

Sojan baka shi ne mutumin da ya mai da harshensa makami don kare wani ɗan siyasa. Ba ya takara, galibi ma ba ya riƙe da ko da muƙamin mazaɓa a jam'iyya. Aikinsa ya yabi ubangidansa, ya mayar da martani in an taɓa shi, ya kuma bi abokin hamayya da zambo da gugar zana. Idan suna da yawa a ce sojojin baka, kuma a siyasar Kano kalmar ta fi tashe.

Yabo da zambo ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, maroƙa sun daɗe suna yi a ƙofar fada. Rediyo mai zaman kanta ce ta ba sana'ar sabuwar riga. Da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, shiri irin su Kowane Gauta ya ba talaka damar faɗar ra'ayinsa a kan masu mulki, abin da ba kasafai ake ji a gidan rediyon gwamnati ba. Wannan alheri ne, kuma har gobe ina yaba shi. Amma 'yan siyasa ba su yi barci ba. Suka fara ɗaukar nauyin masu kaifin baki, a saya musu fili a rediyo, a ba su na goro. Shi ya sa za ka ji mutum yau yana rantsuwa a kan wane, wata mai zuwa ya sauya sheƙa yana tona masa asiri da muryar da ya yabe shi.

Duk da haka, rediyo tana da mai tsaron ƙofa. Akwai edita da zai saurari magana ya yanke zagi, akwai hukumar NBC mai sa ido a kan gidajen rediyo da talabijin. Wayar hannu ba ta da ko ɗaya. Sojan baka na yanzu, wanda samari ke kira ɗan data saboda kuɗin datar da ake tura masa, yana kwance a ɗakinsa zai yi rubutu a Facebook ko ya naɗi murya ya saka a WhatsApp. A Mayun 2025 gwamnatin Kano ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a kafafen yaɗa labarai, amma wannan doka ba ta kai ga wayar da ke aljihu ba.

A ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim a jihar Jigawa na ga yadda abin yake aiki. Zaɓen gwamnoni da 'yan majalisar jiha na 2023 an ɗage shi daga 11 zuwa 18 ga Maris, kuma a cikin makon nan jita-jita ta samu fili. Wani dare muna zaune a teburin mai shayi, kusa da rumfar mai cajin waya, sai wani yaro ya kunna saƙon murya wai ɗan takara kaza ya janye. Muryar a natse, har da sallama irin ta masu karanta labarai. Kawuna ya ajiye kofinsa ya ce, "To, magana ta ƙare."

Na ce, "Kawu, wa ya faɗa?"

Ya ce, "Ɗan jarida mana, ba ka ji muryarsa ba?"

Nan ciwon yake. Dattijon da ya girma da BBC Hausa da Rediyon Kaduna ya saba cewa abin da ya fito daga akwati an tantance shi, sai ya ɗauki wannan amana ya miƙa wa duk muryar da ta fito daga waya. Ɗan jarida na gaskiya dole ya nemi ɗaya ɓangaren, ya jira a ɗaga masa waya, ya tabbatar kafin ya faɗa. Kafin ya gama, ƙaryar ta zaga kasuwar Gujungu ta dawo. In ya zo da gyara, wasu su ce an saye shi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wasu wakilan, saboda ƙarancin albashi da gudun kada a riga su, sun fara kwasar rubutun 'yan data suna mai da shi labari.

Washegari ɗan takarar ya fito a rediyo da bakinsa ya ce yana nan daram. Kawu bai ji ba, yana fadama wajen ban ruwan tumatir. Sai da na bi shi can da yamma na faɗa masa, kuma ko a lokacin cewa ya yi sai ya ƙara bincikawa.