Mayar da ma'adinai cikin tataccen ruwa don tankin kifin ado

Mayar da ma'adinai shi ne zuba gishirai da awo cikin ruwan da aka tace sarai, kafin a sa shi a tankin gilashi na kifin ruwan daɗi. Na'urar RO, irin wadda wasu masana'antun ruwan leda ke amfani da ita, tana cire datti, amma tana haɗawa da kalsiyam da magnesiyam da kabonet. Kifi kullum yana asarar gishirin jikinsa cikin ruwa, kuma daga ruwan yake maido da wani kaso. Dodon koɗi ma da kalsiyam yake gina ɓawonsa. In babu, sai ɓawon ya yi fari-fari yana zaizayewa.

Ma'auni biyu ake bi. GH yana nuna yawan kalsiyam da magnesiyam, KH kuma kabonet ɗin da ke hana ruwa yin tsami farat ɗaya. Digiri 1 na kowannensu daidai yake da kusan miligiram 17.9 na kalsiyam kabonet a lita. KH ne ya fi saurin jawo asara, domin ƙwayoyin halittar da ke sarrafa kashin kifi suna samar da asid, su yi ta cin kabonet ɗin har ya ƙare, pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya faɗi, wato ruwan ya yi tsami, a wayi gari kifi na haki a saman ruwa.

A lita 100, giram 3 na bekin soda yana ɗaga KH da kusan digiri 1. Giram 3 na jifsam (mai ɗauke da kalsiyam), ko giram 4.4 na gishirin Epsom (mai ɗauke da magnesiyam), yana ɗaga GH da digiri 1, kuma akan so kalsiyam ya ninka magnesiyam sau 3 zuwa 4. Gishirin miya ba ya ɗaga ko ɗaya. Kanwa tana ɗauke da kabonet, sai dai ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka awonta caca ne. A bokiti ko jarka ake narkar da haɗin, a gwada, sannan a zuba a hankali.

Adadin ya danganta da asalin kifin: na Tafkin Malawi da Tanganyika suna son ruwa mai ma'adinai da yawa, kifin diskos na kogin Amazon kuwa kaɗan ya ishe shi.

A Zariya, iskar hunturu kan shanye ruwan tanki da sauri, ta bar farin zane a jikin gilashi. Ruwan ne kawai ya tafi, gishirin yana nan, shi ya sa ake cike gurbin da tataccen ruwa zalla. Haɗaɗɗen sai ranar da aka kwashe tsohon ruwa za a canza.