Feƙe Fistin Don Rage Matsin Injin Babur

Feƙe fistin aiki ne na rage ƙarfen da ke saman fistin da injin sassaƙa ƙarfe, domin a faɗaɗa gurbin da fetur da iska ke ƙonewa a cikin silinda. Idan gurbin ya faɗaɗa, ma'aunin matsin injin yakan sauka. Galibi ana yin sa ne idan za a ɗora wa babur tarbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji, ko idan fetur ɗin da ake samu ba ya jure matsin da aka ƙera injin da shi.

Ma'aunin matsi

Ana samun ma'aunin ne ta hanyar kwatanta girman cikin silinda lokacin da fistin yake can ƙasa da girman gurbin da ya rage idan ya hau can sama. Injin mai 10:1 yana matse cakuɗen fetur da iska har ya koma kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Yawan matsi yana ƙara ƙarfi, yana kuma rage shan mai, sai dai yana da iyaka: idan zafi ya wuce abin da fetur zai ɗauka, ragowar cakuɗen yakan fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Wannan fashewar ce ake ji kamar ƙwanƙwasar ƙarfe a cikin inji, kuma tana iya fasa gadon ringi, wato wurin da ringi ke zama a jikin fistin, ko ta huda fistin.

Tarihi

Matsalar ƙwanƙwasa ta daɗe kusan daidai da injin mai bugu huɗu da Nikolaus Otto ya fitar a 1876. Injinan farkon ƙarni na 20 ba su cika wuce 4:1 ko 5:1 ba, saboda fetur ɗin zamanin ba ya jure fiye da haka. Wajen ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, Harry Ricardo a Ingila ya yi bincike a kan lamarin, daga baya ya ƙera injin gwaji wanda ake iya sauya matsinsa, ya nuna cewa nau'in mai da siffar gurbin ƙonewa ne ke kafa iyakar. A 1921 Thomas Midgley, ma'aikacin General Motors a Amurka, ya gano cewa wani sinadarin dalma yana hana ƙwanƙwasa idan aka zuba shi a fetur, sannan a kusan 1926 ko 1927 Graham Edgar ya kawo ma'aunin oktan, wanda ke nuna yadda fetur ke jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba. Daga nan matsi ya riƙa hawa.

Duk da haka, rage matsi bai ɓace ba. Wasu masu ƙera babura a Ingila sun riƙa sayar da fistin masu matsi iri-iri na inji ɗaya, da kuma faranti da ake sawa ƙarƙashin silinda don rage matsi. Janye fetur mai dalma daga shekarun 1970 ya sake tayar da buƙatar ga tsofaffin injina. Baburan tarbo na farkon shekarun 1980 su ne misali mafi bayyana: Honda CX500 na asali yana da 10:1, amma mai tarbon da ya fito wajen 1982 an saukar da shi zuwa 7.2:1, shi kuwa Kawasaki GPz750 Turbo yana da 7.8:1. Waɗannan kamfanoni sababbin fistin suka ƙera. Feƙewa hanya ce ta wanda ba shi da masana'anta.

Yadda ake aikin

Aikin yana farawa da awo. Ana cika gurbin ƙonewa da ruwa ko siririn mai daga kwalbar awo don sanin girmansa, a haɗa da kaurin gaskit, a kuma debe tudun kan fistin. Misali, silinda mai cc 125 (wato girman da fistin ke ratsawa daga ƙasa zuwa sama, ban da gurbin) a kan 10:1 tana da gurbi na kusan cc 13.9. Don a kai ta 9:1 ana buƙatar cc 15.6, wato ƙarin cc 1.7. Idan aka haƙa kwano mai faɗin milimita 40 a tsakiyar fistin, zurfinsa zai kai kusan milimita 1.4, a cire alminiyom mai nauyin giram huɗu da rabi ko ɗan fiye.

Fistin mai tudu shi ne mafi sauƙi, tunda tudun kawai za a rage. Mai shafaffen kai kuwa sai a yi masa kwano. Ba a taɓa gefen da ya kusa haɗuwa da tof silinda, wato murfin saman silinda, domin wannan ƙaramin rata, wanda yawanci bai wuce kusan milimita ɗaya ba, shi ne ke fesa cakuɗen zuwa tsakiya ya hanzarta ƙonewa. Wanda ya feƙe shi zai iya rage matsi amma ƙwanƙwasar ta ƙaru. Bayan an gama, ana goge duk wani kaifi, saboda baki mai kaifi yakan yi ja da zafi ya kunna fetur kafin lokaci. A inji mai silinda fiye da ɗaya, dole a daidaita nauyin fistin ɗin duka. Kama fistin a injin feƙewa ma sai da dabara, don siket ɗinsa, wato ɓangaren ƙasa na jikinsa, ba cikakken zagaye ba ne kuma yana saurin lanƙwasa.

Haɗari

Saman fistin yana kai zafin digiri 300 na ma'aunin Celsius ko kusa da haka, kuma a wannan zafin alminiyom ya riga ya yi rauni. Kan da aka sirantar ba ya kwashe zafi zuwa ringi yadda ya kamata, yana iya lotsawa ko hujewa. Fistin da aka buga da matsi ya fi wanda aka zuba a narke jure wannan aiki. A inji mai bugu biyu, gefen fistin ne ke buɗewa da rufe ƙofofin iska, don haka an fi yin gyaran a tof silinda.

Wasu hanyoyi

Gaskit mai kauri, ko faranti ƙarƙashin silinda, sun fi arha kuma ana iya cire su, amma suna buɗe ratar gefe, kuma a injin da sarƙa ke juya kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, suna ɗan gusar da lokacin buɗewar. Makanikai sun saɓa a kan wadda ta fi; da yawa sun fi son a sayi fistin da aka ƙera da ƙaramin matsi tun daga farko.